Taku Bakwai Da Baya

Wai 'Yar Fenti ta taɓu. Wai aljani ne ya tare a wayarta, shi ya sa kullum da hantsi take jingina ta a bakin taga, ta riƙa ja da baya tana ƙanƙance ido har ƙeyarta ta daki bango. Mai shagon ƙasan benensu ya rantse ya ji wayar tana ba ta umarni. Matar tela ta ce ai har rusuna mata take yi.

Duk ƙarya ce, rabinta ma daga bakin ɗan kawunta ta fito. Yarinya lafiyarta ƙalau. Ja da bayan ne kawai gaskiya, shi kuwa gado ne.

Babanta mai rubutun allunan shaguna ne, shekara arba'in yana riƙe da buroshi kafin ido ya fara yi masa gardama. Ita kuma tun tana rarrafe take tsoma hannu a gwangwanayensa, har sunan ya bi ta. Da ta girma ta karanci kwamfuta, ta samu aiki a wani ƙaramin kamfani mai ƙera manhajar waya. Aikinta tsara fuskar manhaja: inda rubutu zai zauna, girman harafi, inda yatsa zai danna.

Sai dai tana da ciwo guda: ba ta iya ganin fili ta ƙyale. In ta tsara shafi, launi bakwai ne, salon rubutu biyar, ga fure a kusurwa, ga tauraro yana ƙyaftawa. Ko kiyashi ya shiga sai ya fito da baya don rashin wurin juyawa.

Ana nan aka ba ta aikin manhajar da ke tuna wa marasa lafiya lokacin shan magani. Ta zuba mata duk abin da ta iya. Da ta gama, wayar Baba ta fara saka wa, tunda yana shan ƙwayar hawan jini, fara da safe, rawaya da yamma.

Kwana uku tsakani mamanta ta tsince shi zaune a ƙofar banɗaki, jiri ya kayar da shi. Farar ya sha sau biyu, don bai iya karanta rubutun wayar ba. Allah ya taƙaita, gwiwa kawai ya ƙuje, amma 'Yar Fenti ta dawo daga ofis takalmi a hannu.

"Baba, me ya sa ba ka ce ba ka gani ba?"

"Aikinki ne fa, uwata. Kuma ya yi kyau, kamar labulen mamanki."

"Baba!"

"To, labule ake karantawa?"

Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, hawaye na zuba. Ta ce gobe za ta ajiye aikin, wanda ya kusa kashe ubansa da ado ba shi da abin cewa. Baba ya bar ta ta yi mai isarta, sannan ya ce ta miƙo masa wayar. Ya ɗingisa ya jingina ta a taga.

"Ja da baya. Ƙara. Taku bakwai nake yi a shago, duk kalma ɗaya sai na ajiye buroshi na koma tsakiyar titi. Sau biyu mai keke yana kwashe ni. Allo ba na mai fenti ba ne, na mai wucewa ne da sauri, rana na dukan idonsa. Me kika gani?"

"Fure," in ji ta da ƙaramar murya.

"Furen zai sha magani?"

Daga ranar ta koma ɗaliba. Ya nuna mata yadda yake auna tsakanin layi da layi da faɗin babban yatsa, da yadda siririn harafi ke narkewa daga nesa, mai kauri ya tsaya da ƙafarsa. Ta cire furen. Ta cire tauraron, kamar ana cire mata haƙori. Salon rubutu biyar suka koma ɗaya. Duk abin da ta goge sai hannunta ya yi ƙaiƙayin cike gurbin, Baba ya buga sandarsa a ƙasa: "Bar shi ya sha iska!"

Shugabarta a ofis ta leƙa kwamfutar ta ce, "Ina sauran aikin?" Ta ce a ba ta mako guda, akwai mai dubawa a gida.

Ranar gwaji aka zaunar da Baba a kujerarsa, ba tabarau. Mamanta ta tsaya a ƙofar kicin da ludayi. 'Yar Fenti ta jingina wayar a taga. Wayar ta yi ƙara. Farin shafi fes, baƙin rubutu a tsakiya.

Baba ya ɗaga kai, bai ko matso ba.

"Fara. Ɗaya. Yanzu."

Ya ɓallo ƙwayar ya haɗiye, ya miƙa mata kofin. Mamanta ta juya wai hayaƙi ne ya shiga idonta, alhali ko wuta ba ta kunna ba.

Nan ne ɗan kawun nata, wanda ya zo cin abinci kamar kullum, ya ga shirun ya yi yawa.

"Ikon Allah! Wata biyu kina ja da baya, kalma uku kika haifa? Sauran duk fili! Ni ma a ɗauke ni aikin mana, na iya barin takarda ba rubutu tun ina aji uku."

'Yar Fenti ta share ido da bayan hannu, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ka fara gwadawa da bakinka. Ka bar fili tsakanin magana da magana, ko da faɗin yatsa ne, mu ga ko za a gane ka."