Kafaɗar Kawu Concezio

"To Fada ya ce me?" Kawu Concezio ya sake tambayata, alhali na riga na faɗa masa.

"Ya ce ba zai ba da makullin cocin ba, Kawu. Rufin ya tsage, in ya rufto kan mutane shi Bishop zai tuhuma."

"Rufin nan tun ina da haƙora yake a tsage. Wa ya kashe?"

Muna zaune a ƙofar gidansa a ƙauyen Sama da hantsi. A ɗakin ciki ƙanwarsa Filomena ce kwance, ta cika da asuba, tsofaffin mata na yi mata addu'a ƙasa-ƙasa. Ni ya aika gari wurin Fada Settimio, limamin cocinmu, don ni kaɗai ke da babur. A ƙauyen Ƙasa aka haife ni, amma mahaifiyata 'yar Sama ce, shi ya sa yake kirana rabin mutum.

Ƙauyukanmu biyu ne, Sama a kan dutse, Ƙasa a bakin rafi. Da kowanne da cocinsa da Fadansa da waliyyinsa. Tun kakanni ake gaba kan wata maɓuɓɓugar ruwa, har ta kai ɗan Ƙasa ba ya taɓa gawar ɗan Sama. Da matasa suka watse birane, sai aka haɗe mu ikilisiya ɗaya. Aka rufe cocin San Biagio na Sama, aka sauko da mutum-mutumin waliyyin a bayan motar itace.

"Na je na gan shi," in ji Kawu. "Sun ajiye shi bayan ƙofa, kusa da tsintsiya. Kai ka ce maigadi suka ɗauka."

Kawu makiyayin tumaki ne. Ya taɓa zuwa Jamus aikin masana'anta, ya dawo da tari da rediyo, bai yi aure ba. Filomena ce ta riƙe masa gida. Amma abin da aka san shi da shi ɗaukar gawa ne. Tun yana saurayi yake cikin masu ɗauka, kullum a gaba, hannun dama. Ya taɓa jan wuyan rigarsa ya nuna mini kafaɗar: fatar ta yi kanta kamar gwiwar akuya.

A Sama ba a kai mamaci kabari kai tsaye. A kafaɗa ake ɗaukarsa a shiga da shi coci, a sauke akwatin a jikin kwamin dutsen da aka yi masa baftisma, sannan a wuce. Kowa a ƙauyen ta nan ya bi, da mutumin kirki da ɓarawon kaji.

"Filomena ce ke goge kwamin nan duk rayuwarta," ya ce. "Jiya da rana ta riƙe hannuna, ta ce, Concezio, kada ka bari su wuce da ni kamar buhun dankali. Na ce mata to."

Ya juyo ya dube ni, ya ci gaba.

"In babu makulli, ai akwai bakin ƙofa. A sauke ta a dakalin, ta taɓa dutsen. Ka yi wa mazan Ƙasa magana?"

Na san irin nauyin da tambayar ta yi masa. Mutumin da ya yi shekaru yana ce musu masu wuyan kaza, yau shi ke neman kafaɗarsu. A Sama maza sun ƙare, daga shi sai Pasqualino mai sanda.

"Na yi, Kawu. Nicandro bayansa na ciwo. 'Ya'yan mai burodi suna aiki gobe. Sauran sun ce ai akwai mota."

"Ba don maɓuɓɓuga suka ƙi ba?"

"Wallahi yawancinsu ba su ma san da zancen ba."

Wannan ya fi yi masa zafi, na gani a fuskarsa. Ya daɗe yana murza hularsa.

"Da ni da kai fa, rabin mutum? Ka ga mun zama ɗaya da rabi."

"Ba za mu iya ba, Kawu. Kai ma ka sani. Amma na roƙi mai motar gawa. Ya ce bayan an gama sujada a Ƙasa zai biyo ta ƙofar San Biagio ya tsaya kaɗan. Zai buɗe bayan motar. Sauke ta ne ba zai yi ba."

"Ba za ta taɓa dutsen ba ke nan."

"A'a."

Daga ciki wata tsohuwa ta leƙo tana tambaya ko a sa wa Filomena baƙin takalminta ko na zuwa coci. Ya ce na coci. Sai ya dafa bango ya miƙe, ya ɗauko fartanya a bayan ƙofa.

"Ina zuwa, Kawu?"

"Ƙaya ta cinye hanyar cocin. In mai motar nan ya ga za ta karce masa fenti, daga nesa zai tsaya."

Ya saɓa fartanyar a kafaɗar dama, ya kama hawan dutse yana tari.