Kuɗin Tikitin da Na Ɗinke a Ƙugun Wandona

Gaisuwa ga edita da masu karanta wannan mujalla. Na daɗe ina karanta labaran wasu a wannan fili ina girgiza kai, yau na ga ya kamata a karanta nawa. Ba zan ambaci sunan kowa ba, har da na birnin da abin ya faru, domin laifin ba na birnin ba ne.

A ƙarshen shekarun casa'in ni saurayi ne a Birnin Ƙonni, ina tsare wa wani Alhaji kanti kusa da tasha. Na taɓa lakwal, wato makarantar boko, na iya lissafi, ga maƙo, har abokaina suna tsokanata wai idan dala ta shiga aljihuna sai ta yi furfura. Ni kuwa yabo nake ɗaukar maganar. Yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, direban kamiyo ne, wato babbar motar ɗaukar kaya, yana ɗauko wa wani ɗan kasuwa siminti daga Malbaza. Tun rasuwar mahaifinmu shi ke ci da gidan: mahaifiyarmu, matarsa, ƴaƴansa, har da ni. Ba ya shan taba, ba ya cin goro, ƙwallon ƙafa kaɗai ta shiga ransa. Da rediyo a kunne yake tuƙi, ya san ƴan wasa da sunayensu alhali bai taɓa ganin ko ɗaya ido da ido ba.

Da aka ce za a yi babbar gasar ƙasashe a Najeriya, kuma wasu wasannin za a buga su a wani birni da motar Ƙonni ke kaiwa, Yaya ya kasa zaune ya kasa tsaye. Ya sayar da ragon da yake kiwo, ya haɗa da abin da ya daɗe yana tarawa, ya damƙa mini duka. Ya ce ni na iya lissafi, in tsara mana tafiyar mu biyu. Abu ɗaya ya roƙe ni, in ware kuɗin tikiti na wurin zama mai kyau, domin ya gaji da ji, yana so ya gani da idonsa.

Na zauna na yi tsari, kuma na yi shi da kyau, ba zan ɓoye ba. Na canza sefa zuwa naira wurin mai canjin da na sani a bakin iyaka. Na ware kuɗin mota zuwa da dawowa, da ɗan abin da ake miƙawa a hanya. Masauki na soke shi, saboda akwai ɗan garinmu mai sayar da albasa a can, ya ce mu sauka wurinsa. Abinci na ƙulla mana gari da ƙuli-ƙuli da dabino. Sai na iso kan tikiti, na ga shi ya fi komai tsada, raina ya ƙi. A filin garinmu kowa ya san al'ada, ana dawowa daga hutun rabin lokaci sai a buɗe ƙofa, marasa kuɗi su shiga kyauta. Tun ina yaro haka nake kallon ƙwallo. Na ce a raina ƙofa ai ƙofa ce, duk inda take za a buɗe ta. Na ɗinke kuɗin tikitin a ƙugun wandona. Burina in mun dawo in zube shi gaban mahaifiyarmu, a san wane irin ɗa ta haifa.

Ranar wasan muka isa filin tun da hantsi. Na bar Yaya a inuwa, na zagaya na dawo na ce masa tikiti ya ƙare. Ƙarya na yi, ko layin ban shiga ba. Na ga fuskarsa ta faɗi, sai na lallashe shi da cewa ya kwantar da hankalinsa, rabin wasa za mu gani kyauta. Ya ce anya haka ake yi a nan. Na ce ya bar mini, ni na san abin da nake yi. Muka tsaya bakin wata ƙofar ƙarfe tare da tarin mutane marasa tikiti, rana tana dukanmu, ihun cikin fili yana taso mana kamar ruwan sama a kan kwano.

Aka tafi hutu, aka dawo, ƙofa ba ta motsa ba. Mutane suka fara turowa daga baya. Tun ana turo na wasa har ƙirjina ya manne da ƙarfe, numfashi ya gagare ni. Wani dattijo mai sayar da ruwa ya faɗi, na ji ƙafata a kan hannunsa, na ji ya yi ƙara, ban ɗaga ba saboda babu inda zan ajiye ta. Yaya ya kama rigata ya ce mu fita, ya haƙura da kallon. Ni kuma kunya ta riga ta zama fushi. Na fizge, na kama ƙofar ina jijjigawa ina zagin masu tsaronta, na ce su buɗe ko mu karya. Ɗaya daga cikinsu ya zura sanda ta tsakanin ƙarafa ya sauke mini a yatsu. Zafin ya hau mini kai. Na sunkuya na lalubo ɓaraguzan bulo, na wurga ta saman ƙofar. Na ga ya sami mutumin a kafaɗa.

Daga nan suka buɗe ƙofar, amma ba don mu shiga ba. Suka fito da sanduna da dorina da bel, duk wanda ke gaba nasu ne. Na ga an fasa wa wani kai, jini ya wanke masa fuska yana lalube. Na ga wani ya hau katanga an jawo ƙafarsa ya faɗo ta baki. Wanda na jefa kuwa ni ya nufo, ya naɗe bel a hannu, ƙarfen yana lilo. Bugun farko ya tsaga mini kunne. Na faɗi, ya tattake ni a haƙarƙari, ya sake ɗagawa. Sai na ji nauyin mutum a kaina. Yaya ne ya kife a jikina, ya ɗago fuska yana ba shi haƙuri, yana cewa ƙanensa ne, yaro ne, a yi masa afuwa. Yana cikin maganar ƙarfen bel ya sauka a idonsa na hagu. Bai yi ihu ba, wani gurnani ya yi da ban taɓa jin irinsa ba, abu mai ɗumi ya zubo mini a wuya. Duk da haka bai tashi daga kaina ba sai da dukan ya wuce mu.

Na ja shi cikin hayaƙi mai sa hawaye da takalman da mutane suka zubar, har na sami mota zuwa asibiti. Aka ce sai an biya kafin a taɓa shi. Yana zaune a benci, ya danne fuska da rigata, na farke ɗinkin ƙugun wandona. Ya ji ƙarar zaren. Ya tambaye ni kuɗin mene ne wannan, tunda na gaya masa komai na ƙididdige shi. Na faɗa masa gaskiya. Sai ya tambaya ko da zai ishe mu tikiti biyu. Na ce zai isa har da canji. Bai sake yi mini magana ba sai da muka tsallako iyaka.

Idon bai tashi ba. Mai kamiyo ya yi haƙuri da shi iya ƙoƙarinsa, amma babu mai ba mai ido ɗaya mota cike da siminti. Yaya ya koma sayar da baƙin mai a bakin tasha, yana kallon yaran da ya koya wa tuƙi suna wucewa suna yi masa hon. Da mahaifiyarmu ta tambaya, ya ce mata turmutsutsu ne ya rutsa da shi. Ta rasu ba ta san ni na yi jifa ba, kuma har yau bai faɗa wa kowa ba. Da ya zage ni ko ya doke ni, da na fi samun sauƙi.

Abin da na koya, tattali daban ne, wayo daban. Na rage kuɗi a wurin da ba a ragewa, na ɗauki al'adar filin garinmu na kai ta garin da ban sani ba, na yi wa mai kuɗin ƙarya da kuɗinsa. Ku samari masu shirin tafiya kallon wasa, ku fara ajiye kuɗin shiga kafin na gari da ƙuli-ƙuli, idan bai isa ba ku zauna gida. Kuma duk wanda aka damƙa wa amana, ya yi abin da mai ita ya ce, ba abin da zai jawo masa yabo ba.

Yanzu na saya wa Yaya talabijin. Duk ranar wasa yakan aika a kira ni, ya karkata kai gefe guda don ya kama hoton da idon da ya rage. Ni kuma kullum a hagunsa nake zama, inda ba ya ganina.