Tankar yaƙi ta far wa Kawu a zaure

Jama'a, yau tankar yaƙi ta kai wa kawuna hari a zaurenmu!

Kun san 'yar tankar wasan nan tawa? Rimot ɗinta ya mutu, sai na haɗa ta da hannun gem, irin wanda muke buga ƙwallo da shi. Ta yi aiki tsaf! Na aje hannun bisa tabarma, na shiga gida ɗauko fura, don Kawu Malam ya iso daga Kebbe.

Ina fitowa na iske shi zaune, suna gaisawa da Baba. Ya sunkuya ya ce, "Ina gajiya?" Sai tanka ta zabura!

Baba ya ce, "Kai, wa ka tuƙa abin ga?"

Na ce, "Wallahi Baba ba ni ba ne, fura nika riƙe!"

Kawu ya ce, "Aljani ne! Ku matsa." Ya fara karatu, yana rangaji kamar yadda ya saba. Ya yi gaba, tanka ta yi gaba. Ya yi baya, ta ja baya. Ya ƙara sauri, ta kwaso a guje ta daki gwiwarsa!

Sai na hango wutar hannun gem tana ƙyaftawa ƙarƙashin rigarsa. Ashe a kai ya zauna!

Na ce, "Kawu, don Allah ɗan tashi."

Yana miƙewa, tanka ta tsaya cik.

Ya gyara hula, ya dubi Baba ya ce, "Ka gani? Tsayuwata kaɗai ta ishe shi."