Sai Kawu Rabe Ya Sa Hannu

Duk wanda ya yi aiki da Kawu Rabe ya san ba ya karanta rubutu a zaune. Sai an buga masa a takarda, ya soke jan biro a bayan kunne, ya fita ƙofar ofis inda Inna Turai mai fura take zama, ya karanta mata da ƙarfi. In ta ce ta gane, ya dawo ya sa hannu. In ta ce, "Wai mi?" to wanda ya rubuta ya shiga uku.

Ƙanin mahaifiyata ne. Ya daɗe yana koyar da Hausa a sakandare, da ya yi ritaya sai ƙaramin kamfaninmu na nan Dutsin-Ma ya ɗauke shi babban edita. Aikinmu tura wa manoma saƙonni ta waya a kan shuka da taki da cutar dabbobi. Ni ina cikin masu haɗa manhajar da ke tura saƙonnin. Shi ke raba wa marubuta aiki, ya yanka musu ranar kawowa, ya binciki gaskiyar abin da suka rubuta, kuma ko harafi ɗaya ba ya fita sai da izininsa. Mutumin da har ya bar duniya da yatsa ɗaya yake danna kwamfuta, amma mu masu yatsu goma duk tsoronsa muke ji.

Rigimarmu ta farko a kan sallama ce. Na kai masa saƙo mai cewa, "Fesa maganin ciyawa kafin kwana uku."

Ya dube ni ta saman tabarau. "Mannir, wa kake ba umarni?"

Na ce, "Kawu, gurbin saƙon waya kaɗan ne, dole a taƙaita."

"In ka je Barkiya ka iske dattijo a gonarsa, haka za ka tsaya masa a ka ka ce 'fesa'? Ko Yaya ba ta koya maka sallama ba? Bari in ji daga bakinta."

Ya kuwa zaro waya ya kira mahaifiyata a gaban kowa. Tun daga ranar duk saƙonmu da sallama yake farawa. Ni kuma da na koma gida na sha faɗa wajen Umma, wadda har yau ba ta san dattijon da na raina ba.

Sai maganar haruffa masu ƙugiya. Ni dai na ce ado ne kawai, mai karatu zai gane. Wata Juma'a Kawu ya tafi ɗaurin aure Kurfi, muka yi gaban kanmu muka tura, "A fesa magani a kan kwari." Ƙwari muke nufi, masu cin wake. Bayan kwana biyu sai ga wani manomi daga Ɗantutture a kan babur. Ya ce ya bi umarninmu ya feshe kwarin gonarsa kaf, amma ga waken da ke kan tudu ana ta cinye shi.

Kawu bai ɗaga murya ba. Ya ba mutumin kujera, ya sa aka dama masa fura, sannan ya nuna ni. "Malam, ga wanda ya ce ƙugiya ado ce. Gobe zai zo ya yi maka feshin da kansa."

Haka aka yi. Na goya tankin feshi a baya, rana na dukana, Kawu kuwa yana zaune a inuwar tsamiya. Can ya hango ina ta marin wuyana, ya ce, "Ɗan nan, wanga da ke cizonka, da ƙugiya ake rubuta shi ko babu?"

Da shugabanmu, Injiniya Bishir, ya kawo manhajar da ke fassara da kanta, mun zaci Kawu zai yi yaƙi. Sai ya ja kujera, ya rubuta mata gaisuwa da yatsansa ɗaya, ya karanta abin da ta fassara, sannan ya waiwayo ya dube mu.

"Wanga baƙo a ina ya koyi Hausa?"

"Kawu, na'ura ce."

"To ku faɗa masa yana da ƙoƙari, amma ya riƙa shiga kasuwa yana sauraren mutane."

Washegari muka ga ya sa ta a jadawalin marubuta da ke jikin bango, da sunan Malam Baƙo. Yana gyara aikinta da jan biro kamar na kowa. In wani ya makara da rubutu kuma sai ya ce, "Ku yi koyi da Malam Baƙo. Shi kaɗai ne bai taɓa ce mini babur ɗinsa ya yi faci ba."

Amma ranar da ba na mantawa ita ce ta ruwan farko. An yi ruwa mai ƙarfi, hasashen yanayin da ke kwamfutarmu ya nuna damina ta sauka, Injiniya ya ce a tura wa kowa ya yi shuka. Kawu ya ninke takardar ya sa a aljihu.

"Malam Rabe, dubban mutane ke jiranmu," in ji Injiniya.

"Shi ya sa. In muka yi kuskure, irin da suka ɓoye tun kaka ne zai ƙone a ƙasa."

"Ni ne fa shugaban kamfanin nan."

"Ba musu, ranka shi daɗe. Kana iya korata bayan la'asar. Amma kafin la'asar ni ne edita."

Ya hau tsohon babur ɗinsa ya nufi Barkiya. Ya tona ƙasa da hannunsa a gonaki uku, ya zauna da dattawa, ya kira masu hasashen ya sa suka sake dubawa. Ya dawo da ƙura har gira, ya rubuta cewa jiƙar ba ta yi nisa ba, a dakata tukuna. Injiniya ya bari aka tura yana huci. Ruwa kuwa ya ɗauke, sai da aka yi kusan mako uku ba ko ɗigo.

Injiniya mutumin kirki ne, ya rubuta wa Kawu takardar yabo da hannunsa. Da safe ya tarar da ita a kan teburinsa, an yi mata gyara bakwai da ja, a ƙasa an rubuta, "Na gode ƙwarai. A sake kawowa."

Jinyar Kawu ta ajali ba ta yi tsawo ba. Ranar addu'ar uku, muna zaune a ƙofar gida, sai ga wasu dattawa huɗu da ba wanda ya san su. Suka ce daga ƙauye suke, ba su taɓa ganinsa ba, sun dai ji an ce mai yi musu magana a waya ya rasu. Ɗaya ya ce, "Bai taɓa sa mu asara ba." 

Allah Ya jiƙan Kawu Rabe, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka kabarinsa. Allah Ya sa ya karɓi littafinsa da hannun dama. Amin.