Ƙadangaren da na raba da zafinsa

Ban taɓa mantawa da safiyar da Malam Bala direba ya shigo shagona a bakin kasuwar Suleja ba. Batir da inbata nake sayarwa, ni nake haɗawa. Inbata ita ce na'urar da ke mai da cajin batir wutar gida idan an ɗauke wuta.

Ogansa na Abuja ya tafi ƙasar waje, ya bar masa amanar ƙadangare. Ba irin namu na kan katanga ba, na Turawa ne mai ƙaya a haɓa, a cikin akwatin gilashi.

"Alhaji, magana ɗaya Oga ya yi mini, kada wutar akwatin nan ta ɗauke. In ya dawo ya tarar da gawa, in ajiye masa makullin mota."

Na bi shi gidansa a Kwamba. Akwatin na da ƙwan lantarki guda biyu, fari mai haske da ja mai zafi, sai faifan ɗumi a ƙasa. A sana'armu doka ta farko ita ce duk abin da ke yin zafi ba ya hawa inbata: dutsen guga, hita, tukunyar lantarki, don nan da nan suke shanye batir. Ban tambayi kowa ba. Na sa farin ƙwai a layin batir, na bar jan da faifan a layin wutar gari. Cajin da ya rage na ba uwargidansa fanka da talabijin. Har ƙofa ta rako ni da addu'a.

A tsakiyar damina tiransifomar unguwar ta lalace, ga ruwa kwana uku babu rana. Rana ta huɗu Malam Bala ya kira ni.

"Alhaji, ya daina ci. Ko kyankyaso ba ya kallo."

Na tarar da ƙadangaren kwance kamar tsumma, farin haske tar a kansa. Malam Bala ya buga wa Oga, ya miƙa mini wayar.

"Kai ne injiniyan? Hasken nan jarida zai karanta da shi? Dabbar nan ba ta da ɗumin jikinta. In babu zafi, abinci ba ya narkewa a cikinta."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na kare batirin."

"Batirin na ba Bala amana?"

Nan take na sauya layi. Na mai da jan ƙwai da faifan kan inbata, na kawo batir na biyu mai cikakken caji daga shago, na cire fanka da talabijin. Uwargida ta tsaya tana kallo ina naɗe waya.

"Wato mu mu yi gumi, shi ya sha ɗumi?"

Malam Bala ya ce, "Maman Sadiya, shi ke ci da mu."

Washegari ƙadangaren ya hau dutsen da ke cikin akwatinsa ya ci kyankyaso biyu. Makulli ya zauna a aljihun Malam Bala. Ita kuwa har yau ba ta amsa gaisuwata da kyau.

Shi ya sa nake gaya wa masu shigowa sana'ar nan: dokarmu batir take karewa, ba mai gida ba. Kafin ka yanke waya, tambayi wa aka sayo wa wutar. Wani gidan, babban mutum yana cikin akwati.