Tabon da Aka Ɗora wa Laifi

Ranar Asabar ta farko bayan ƙaramar salla, shekarar da nake aji huɗu na firamare, kakata Iya Hajo ta tashe ni tun kafin a saki awaki, ta zaunar da ni a kan turmi ta shiga yi mini kwalliya. Ta rangaɗa mini kwalli, ta ɗiga mini ɗigo uku a goshi, ta shafa mini jan baki, sannan ta sa mini 'yan kunnenta na azurfa da ba ta bari kowa ya taɓa. Daga ƙauyenmu na bayan Roni za mu shiga Kazaure a ɗauke ni hoton fasfo. A ganin Iya, hoton da zai je hannun hukuma har ya tsallake teku, bai kamata a ga yarinya a cikinsa kamar marar gata ba.

Dalilin hoton shi ne mahaifiyata. Ina da shekara biyar mahaifina ya rasu, daga baya ta auri wani tela mazaunin Jidda, ta bi shi, ta bar ni a hannun mahaifiyarta. Kamanninta sun dusashe mini, muryarta ce kawai na riƙe. Duk shekara alhazai sukan dawo mana da kaset, Iya ta aro rakoda a maƙwabta, a shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan la'asar, a kore kaji, a saurari Inna tana gaida mutane ɗaya bayan ɗaya. A kaset na wannan shekarar ta ce ta gama shiri, yayanta Kawu Sale zai zo Umra ya taho da ni. Sai ta ƙara da cewa, "Indo, ki zo in ga yadda kika girma." Kawu Sale mai hatsi ne a Babura, kuma a dangi shi kaɗai ya san ƙofar ofis, don haka komai na takarda a hannunsa yake.

Mai hoton yana da shago kusa da tasha, da wani labule mai zanen gidan sama da furanni. Ya tsayar da ni a gabansa, ya ce in yi murmushi, na yi har haƙorana suka fito duka. Bayan mako biyu Kawu ya zo a kan babur, ya dawo da hoton, ya kuma zaro wata takarda ta Turanci ya fassara mana ƙa'idoji: bayan hoto fari ƙal, ba kwalliya, ba murmushi, baki a rufe, ido a buɗe yana duban gaba, goshi da haɓa duk a waje, guda huɗu iri ɗaya. Iya ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Wannan ai zaman makoki ne, ba hoto ba."

Ni kuwa na ɗauki abin da gaske. In na je rijiya sai in leƙa ruwan guga in ɗaure fuska. In muna ɓarar gyaɗa, ko ina tsaron awaki a cikin duwatsu, gwaji nake yi. A makaranta ƙawayena suka mai da shi wasa, muka sa masa suna fasfo. Lokacin tara sai a zaunar da yarinya a kan dutse gindin darbejiya, saura su kewaye ta suna gwalo da kwaikwayon tafiyar malamin lissafi, wadda ta yi dariya ta fita. Kafin mako ya zagayo babu mai iya kayar da ni.

Da muka koma Kazaure an wanke mini fuska da sabulun salo, ba kwalli ba mai. Mai hoto ba shi da farin labule, Iya ta cire farin mayafinta aka rataya a kan gidan saman nan. Aka tura ɗankwalina baya, goshina ya fito, tare da tabon da ke saman girata ta hagu, wanda na samu ina shekara bakwai da na faɗi a kan dutse ina bin akuya. Na ga hotunan huɗu da idona kafin a sa su a ambulan. Babu ƙa'idar da na karya, don na ƙirga su a kan yatsu.

Kusan wata guda Kawu bai zo ba. Ranar da ya zo, sai da ya sha fura ya yi hamdala, sannan ya dubi Iya, bai dube ni ba, ya ce, "Iya, sun ce fuska mai tabo ba ta wucewa." Ya yi bayani cewa ya roƙa, ya je wurin babba, abin ya faskara. Tun da an riga an kama kujerar jirgi, kada ta tafi a banza, zai tafi da 'yarsa Rabi, wadda sa'ata ce. Babu wanda ya yi shakka. An taɓa dawo da hoton sau ɗaya, takardar kuma ta Turanci ce, mai faɗa kuma ɗan cikin Iya ne. Iya ta ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ta tashi ta shiga ɗaki ba ta ɗauki ƙwaryar furar ba.

Daga ranar Iya ta kama shafa mini man kaɗanya a gira kowace safiya, wai ko tabon zai baje. Na daina wasan fasfo. Na koyi ɗaura ɗankwali ƙasa-ƙasa har ya kusa rufe mini ido, haka na yi ta yi har na gama sakandare. Akuyar nan kuwa, in na kai musu dusa sai in ture ta gefe. Da lokacin aika kaset ya yi, aka miƙo mini rakoda, abin da na iya faɗa shi ne, "Inna, ki yi haƙuri, ni ce na faɗi a kan dutse." Ina aji biyu na sakandare wani alhaji ya kawo labarin rasuwar Inna. Ban sake ganinta ba.

Shekaru da yawa bayan haka, ina aikin rediyo, tafiya ta taso mini, na je neman fasfo da kaina. Na zauna gaban na'urar ɗaukar hoto na jawo hijabi kan gira, yadda hannuna ya saba. Ma'aikaciyar ta ce in ɗaga shi. Na gaya mata akwai tabo, na tambaya ko zai kawo matsala. Ta dube ni da mamaki, ta ce tabo ai alama ce da ake gane mutum da ita, ba ta taɓa jin ya hana kowa fasfo ba, da can ko yanzu. Kafin in gama haɗiye maganar har ta ɗauki hoton.

Rabi na fara nema. Ba ta wahalar da ni ba, ta ce mahaifinta bai kai hotona na biyu ko'ina ba, ita ma sai da ta girma ta gane. Ta ce sun tarar Inna ta sa an ɗinka riguna uku da ƙiyasin tsawona, da ta ji labarin tabo ta yi kuka, sannan ta ba Rabi su. Sun yi mata daidai. Kawu kuwa na same shi a ƙofar gida a Babura, ya tsufa, yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe shi yadda aka koya mini, na tambaye shi. Bai musa ba. Ya ce, "Indo, ai ke da Rabi duk ɗaya ne a wurina. Rabonki ne bai kai ba." Na yi masa sallama na tashi.

Yanzu mai neman fasfo shi yake zama gaban na'ura, ya ga fuskarsa nan take, ya ji amsa daga bakin mai aikin, ba daga bakin wani ɗan'uwa ba. Yaran unguwarmu da iyayensu ke Jidda suna ganinsu a waya duk sanda suka so, har su gaji su kashe. Nakan tsaya in dube su ina hasashen abin da minti ɗaya irin wannan zai yi mini a wancan lokaci. Kujerar jirgi na daɗe da yafe ta. Abin da ya tsaya mini shi ne Inna ta rasu tana riƙe da ban-haƙurina kan laifin da ban yi ba.