Gwiwar Inna da Teburin Ɗinki

Inna ba ta yarda tana ciwo sai ta faɗi ƙasa. Shekaru ta yi tana koyar da matan aure karatun Alƙur'ani a tsakar gidanmu na Abakpa, zaune kan buzu, ƙafa a naɗe daga hantsi har azahar. Da gwiwarta ta dama ta fara ƙara in za ta miƙe, ta ce sanyi ne. Man zafi kuwa mun sha warinsa har a tuwo. Sai da na yi mata rigima sosai ta bi ni asibiti aka ɗauki hoton ƙashi.

Likitar 'yar kudancin Kaduna ce, mai haƙuri. Ta ɗaga hoton a jikin taga ta nuna mana inda ƙasusuwa biyu suka haɗu.

"Mama, kin ga wannan fili? Guringuntsi ne a wurin, ba ya fitowa a hoto. Ta ciki ya fara cinyewa, shi ya sa filin ya matse. Amma da sauransa, ba a kai ga aiki ba."

Ta ce akwai ƙwayar rage zafi, da allura in gwiwar ta kumbura, amma babban magani yana hannun Inna: motsa cinya kullum, rage ƙiba, da daina naɗe ƙafa a ƙasa. Dole Inna ta koma zama a kujera.

A mota Inna ta ce, "Ni a sama, Alƙur'ani a ƙasa wurin ɗalibai? Gara in rufe makarantar."

Raina ya ɓaci, na yi ta faɗa har gida, ko kallona ba ta yi ba. Na san da gaske take, na kuma san in ta bar karatun nan ta gama yawo. Washegari ta sallami matan.

Ba a yi mako ba sai ga su sun dawo. Babbarsu, wata tela daga Hayin Banki, ta kwance kan keken ɗinkinta ta sa an ɗauko teburin, sauran kowa da bencinta ko kujerar ɗakinta. Suka jera littattafan a kan tebur.

Telar ta ce, "Malama, mun ɗaga Alƙur'ani sama. Sai ki zauna."

Har yau ina yi wa matan nan addu'a, da likitar da ba ta tsorata mu ba. Inna ta daɗe a tsaye tana dubansu. Ta sunkuya da ƙyar ta leƙa ƙarƙashin teburin, ta tabbata ba a bar ko takarda ɗaya a kan tabarma ba. Sannan ta ja kujera ta zauna, ta ce, "To, ina muka tsaya?"